Kiran Sunan Tsuntsayen Kogi: Rajistar da Ya Kamata Mu Buɗe

Jawabin baƙo mai jawabi a taron shekara-shekara na ƙungiya



Mai girma shugaban taro, wakilin Mai Martaba Sarkin Yauri, iyayenmu hakimai da dagatai, shugabannin wannan ƙungiya da na rassanta na Birnin Kebbi da Sakkwato da Kaduna da Kano da Abuja da Legas, iyayenmu mata, 'yan'uwanmu malaman makaranta, 'ya'yanmu ɗalibai, jama'a baki ɗaya, muna yi muku barka da zuwa gida.

Gabatarwa

Bisa al'ada, wanda aka ba wannan dandali yakan yi magana ne a kan hanyar mota, ko asibiti, ko wutar lantarki, ko tallafin karatu, kuma duk abubuwa ne da suka cancanci a yi ta nanata su. Saboda haka ba za mu yi mamaki ba idan wani ya ce a ransa, me ya haɗa ci gaban ƙasa da kallon tsuntsaye? Amsarmu daga aji muka ɗauko ta. Duk wanda ya taɓa riƙe makaranta ya san cewa aikin farko na kowace safiya shi ne kiran suna. Da rajista ake gane yaron da ya daina zuwa, a bi sawunsa tun bai yi nisa ba. Makarantar da ba ta kiran suna takan wayi gari ta tarar rabin aji ya watse, ba wanda ya san ranar da aka fara raguwa. To, Tafkin Kainji da bakin Kwara, daga ƙasar Shanga zuwa Yelwa har Wara, makaranta ce babba wadda ba mu taɓa buɗe mata rajista ba. Roƙonmu a yau shi ne mu buɗe ta, mu riƙa fita muna duba tsuntsaye da namun ruwa, muna kiran sunayensu, muna ƙirga su, muna ɗaukar hotunansu, muna kuma adanawa.

Abin da ruwa ya rufe a 1968

An fara ginin madatsar ruwa ta Kainji a 1964, aka toshe kogi a 1968. Ruwa ya ja da baya ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130 da faɗin ƙasa fiye da murabba'in kilomita 1,200. Mutane kimanin 44,000 aka tayar daga mazauninsu aka sake musu matsuguni. Tsohuwar Busa ta nutse, haka nan gungaye masu yawa waɗanda Gungawa suka shekara ɗaruruwa suna noman albasa da gero a kansu.

Mu da muke yara a lokacin, abin da muka riƙe shi ne labarin kaya da aka ɗora a jirage da kukan tsofaffi. An ƙirga gidaje, an ƙirga rumbuna, an ƙirga itatuwan amfani domin biyan diyya. Amma wane tsuntsu ne yake ƙwai a kan wane yashi, wane gurbi ne mazaunin ayu, wace fadama ce matattarar gauraka, wannan ilimi yana cikin kawunan Sarkawa da Gungawa da Kambari da Shangawa, kuma yawancin masu shi sun riga mu gidan gaskiya. Abin da aka rubuta game da halittun wannan ruwa, masu bincike ne suka rubuta shi da Turanci, tun daga aikin binciken tafkin da aka kafa a Sabuwar Busa a 1968, wanda daga baya ya zama cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa. Mun gode musu. Sai dai rahotanninsu suna cikin ɗakunan karatu, sunayen da ke ciki kuma ba su ne waɗanda kakanninmu suke kira ba. Ruwa ya riga ya rufe mana littafi guda. Wanda ya rage a buɗe shi ne muke tsoron kada sakaci ya rufe.

Farin ruwa da baƙin ruwa

Wanda zai fita duba tsuntsaye a ƙasarmu, wajibi ne ya fara sanin halin ruwan, domin tsuntsu ruwa yake bi. Kwara tana kawo mana cika biyu a shekara. Ta farko ita ce farin ruwa, wadda take zuwa da damina daga wajen Agusta, ruwan saman ƙasashenmu na kusa ne, da abin da gulbin Sakkwato da na Rima suka kwaso, shi ya sa yake da laka da duhun ƙasa. Ta biyu ita ce baƙin ruwa, wadda take isowa da hunturu. Shi ma ruwan damina ne, amma na tsaunukan ƙasar Gini, wanda ya yi watanni yana ratsa manyan fadamun ƙasar Mali, ya zubar da lakarsa a can, ya iso mana garau.

Bayan baƙin ruwa ya wuce, sai tafki ya shiga ja, domin injinan madatsa ba su daina sha, har ya kai ƙarshen raguwarsa a tsakiyar damina. Tsakanin cikarsa da raguwarsa akwai tazarar da takan kai kimanin mita 10 a tsaye. Wannan ja da baya shi yake buɗe laka da yashi da fadamu masu faɗi, inda manoma suke bin ruwa da shuka, makiyaya suke sauko da shanu, tsuntsaye kuma suke samun tsutsa da ƙananan kifaye da katantanwa. A irin wannan wuri ne tsibiran Foge suke, a tsakiyar tafki tsakanin jihohin Kebbi da Neja. A shekarar 2008 aka sanya su cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci ga duniya, ƙarƙashin yarjejeniyar da aka ƙulla a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971. Ku duba fa, jama'a. Duniya ta rubuta sunan Foge a littafinta, amma idan muka tambayi 'ya'yanmu da aka haifa a Kaduna ko Abuja, mutum nawa ne zai iya nuna inda Foge take?

'Yan gida da baƙi

Mu 'yan tsiraru daga cikin tsofaffin malamai mun ɗan jima muna fita da sassafe, wani lokaci a ƙafa a bakin ruwan Yelwa, wani lokaci a kwalekwale tare da masunta. Abin da muka koya a kwalejin horon malamai a darasin nazarin halittu shi ne jarinmu: ka duba da kyau, ka rubuta abin da ka gani, kada ka rubuta abin da kake zato. Bari mu ɗan kira muku sunan ajin.

Akwai 'yan gida, waɗanda ba su barin mu rani da damina. Zalɓe yana tsaye a ruwa mara zurfi kamar an dasa shi, sai kifi ya gifta ya soke shi da baki. Balbela tana biye da shanu tana tsintar fara da ƙafafunsu suka tayar. Kirinjijiya, mai farar fuska, tana tashi garke-garke da almuru tana fito kamar yara sun taso daga makaranta. Dinya, babbar agwagwar daji, tana da ƙaya a gaɓar fiffikenta wadda take faɗa da ita. Zakaran ƙeƙuwa shi ne ɗan sandan bakin ruwa, da ya hango mutum sai ya cika wuri da ƙara, kowa ya san an shigo. Akwai jinjimi, akwai ladin kogi a kan yashi, akwai ragon maza a cikin ciyawa. Akwai wata 'yar tsuntsuwa ja-ja mai dogayen yatsu wadda take tafiya a kan ganyen bado ba ta nutsewa, kuma a wurinsu namiji ne yake kwanci ya yi renon 'ya'ya. Akwai ɗan tsuntsun nan mai zanen fari da baƙi wanda yake tsayawa cak a iska yana kaɗa fiffike, sannan ya faɗa ruwa da ka ya fito da kifi. Sama da su duka akwai mikiyar kogi, mai farin kai da farin ƙirji, wadda kukanta yake ratsa tafki tun daga wancan ƙetare.

Sai masu zuwa da tafiya a cikin nahiyarmu. Shugabarsu ita ce shamuwa, wadda kowane manomi ya san zuwanta alama ce ta a gyara gona. Tana sheƙa a kan itatuwan cikin gari, ba mai taɓa ta, ta ci fara da tsutsotsi duk damina, da kaka ta yi sai ta nufi gabashi da kudancin Afirka inda damina take farawa a lokacin. Wato ita damina biyu take ci a shekara.

Sannan akwai baƙi na nesa, masu sauka daga wajen Oktoba su tashi wajen Maris. Cikinsu akwai ƙananan agwagin ruwa, da masu dogayen ƙafafu da ke caccakar laka, da tsattsewa iri-iri, da wani shaho mai kamun kifi da ƙafa. Waɗannan a Turai da Rasha suke ƙyanƙyasa. Idan sanyi ya daskarar da ruwayensu sai su ƙetaro teku, su ƙetaro Sahara mai faɗin fiye da kilomita 1,500, su sauka a fadamun Afirka ta Yamma, har da namu. Turawa ma sun daɗe ba su san inda tsuntsayensu suke ɓacewa da hunturu ba. A shekarar 1822 aka harbo wata farar shamuwa a arewacin Jamus, aka tarar da mashi irin na Afirka kafe a wuyanta, ta yi tafiyar dubban kilomitoci da shi. A 1899 kuma wani malamin makaranta a ƙasar Denmak mai suna Mortensen ya fara sanya wa tsuntsaye zoben ƙarfe mai lamba a ƙafa, domin duk wanda ya tsinci tsuntsun a wata ƙasa ya aiko da labari. Har yau ana wannan aiki. Saboda haka idan masunci ya tarar da zobe a ƙafar tsuntsun da ya faɗa komarsa, ba tsafi ba ne, wasiƙa ce. A rubuta lambar da rana da wuri, a ɗauki hoto, in tsuntsun yana da rai a sake shi. Mun kuma so ku lura cewa wanda ya ƙago wannan hikima ɗan'uwanmu ne mai riƙe da alli.

Waɗanda ba su amsa kira ba

Yanzu ga inda rajista take da ciwo. Muna tambayar duk wanda ya haura shekara hamsin a wannan zaure, yaushe rabonka da ganin gauraka a fadama, yana rawa da tukkunsa mai ruwan zinariya? Tsuntsu ne da ake yi wa kallon tsuntsun ƙasa a Nijeriya, amma a yau masana sun tabbatar ya kusa ƙarewa a dajin ƙasar nan, saboda kama shi da ake yi ana sayarwa ga masu ajiye shi a gidaje don ado, da kuma cinye fadamun da yake ƙwai. Yaushe rabonka da ganin ungulu a mahautar Yelwa? Da, sai an yi ta korarsu da sanda. A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya ta sanya ungulun gida cikin jerin halittun da suke dab da ƙarewa, kuma cikin manyan dalilan akwai guba da cinikin sassan jikinta a kasuwannin magani. Mushen da take kwashewa kyauta, yanzu karnuka da ƙudaje ne suka gaje shi. Kwasakwasa da babba-da-jaka da burtu, dattawan masunta suna gaya mana ganinsu ya zama sai an dace.

Ruwa ba ya tsami banza. Dalilan a gabanmu suke. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015, noman fadama ya bunƙasa ƙwarai, kuma alheri ne da muke godiya a kansa. Amma ya zo da maganin feshi mai yawa wanda yake gangarawa ruwa, ya kuma zo da share kowane ɗan kurmi da ke bakin gaɓa. Manyan itatuwan da zalɓe da mikiya suke sheƙa a kai sun tafi ga itacen banda da gawayi. Akwai masu zuba guba irin su Gamalin a gurbi domin kamun kifi, kifin ya mutu, tsuntsun da ya ci shi ya mutu, mutumin da ya saya a kasuwa kuma Allah kaɗai ya san abin da ya ci. Akwai taru mai ƙananan idanu da ake kira dala, wanda aka hana tun zamanin aikin haɗin gwiwar Nijeriya da Jamus kan kamun kifin tafkin a shekarun 1990, domin yana kwashe 'ya'yan giwan ruwa da na karfasa tare da warangi.

Abin lura shi ne, tsuntsun ruwa da masunci daga akushi ɗaya suke ci. Idan zalɓe ya ƙaurace wa wata gaɓa, kifi ne ya ƙare a wurin, kuma ba da daɗewa ba masuncin wannan tunga zai fara tunanin tafiya ci-rani. Tsuntsu shi ne ɗalibin da yake fara fashi, sauran suna biye. Wanda yake riƙe da rajista shi zai fara gani.

Ba mu manta da kukan manomi ba. Tsuntsayen jan-baki suna iya cinye gonar shinkafa cikin kwanaki kaɗan, shi ya sa gwamnati takan yi musu feshi da jirgin sama. Amma a nan ma rajista tana da amfani, domin wanda ya san inda jan-baki suke kwana da inda balbela da zalɓe suke sheƙa, shi zai iya nuna wa masu feshi inda za su nufa da inda za su kauce wa.

Dorina da ayu

Ba za mu yi maganar namun ruwa mu tsallake dorina ba, domin mun san zafin da ke zukatan mutanenmu. A shekarar 2024 dorina ta kashe mutum a Yauri, aka fita farautarta har aka kashe ta, labari ya kai kafofin watsa labarai na duniya. Wanda dorina ta kife wa jirgi ko ta tattake masa shinkafar da ya ci bashi ya shuka, ba ya bukatar wani ya zo daga birni ya yi masa wa'azin tausayin dabbobi. Ran ɗan Adam shi ne gaba. Sai dai mu tambayi kanmu, dorina nawa ce tsakanin Shanga da Wara? A wane gurbi suke yini, ta wace hanya suke fitowa kiwo da dare, a wane wata suke da 'ya'ya ƙanana, lokacin da uwa ta fi haɗari? Dorina dabba ce mai bin turba ɗaya kusan kullum. Da muna da wannan bayani a rubuce, da an san inda ba za a kai gona ba, da inda jirgin kasuwa zai kauce wa, kuma da za mu iya zuwa gaban hukuma da hujja a hannu mu nemi taimako ko diyya.

Ayu kuwa ba ya cutar da kowa, ciyawar ruwa ce mafi yawan abincinsa. Macen takan yi kimanin shekara guda da ciki, ta haifi ɗa guda, sannan ta ɗauki shekaru kafin ta sake. Dabbar da take haihuwa haka ba ta jure yawan farauta. Da, sai da izinin Sarkin Ruwa ake fita neman ayu, kuma akwai ƙa'idojin da ba a ƙetarewa. Waɗannan ƙa'idoji ma suna cikin abin da ya kamata mu rubuta tun masu saninsu suna raye. Haka nan kada da guza da kififiya da karen ruwa, kowannensu yana da gurbi a wannan rajista.

Yadda ake fita, da yadda ake ɗaukar hoto

Kayan aikin ba su da yawa: littafin rubutu, fensir, tabarau mai hangen nesa, da kyamara ko wayar salula. A fita bayan sallar asuba, domin daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe tara tsuntsaye suka fi kai-kawo. Allah ya yi mana gata guda: Yelwa da Wara suna gabashin ruwa, saboda haka mai tsaye a gaɓarmu da safe yana fuskantar tafki, rana tana bayansa, haskenta yana kan tsuntsu, kuma wannan shi ne abin da mai hoto yake nema. Da yamma kuwa rana tana cikin idonsa, sai inuwar tsuntsu kawai zai samu. Ranar da hazo ya yi kauri a haƙura da na nesa, a nemi na kusa.

A sa tufa mai launin ƙasa, a bar farar riga a gida. A zauna wuri guda a yi shiru, tsuntsu da kansa zai matso, wanda ya bi shi kuwa sai hoton wutsiya. A cikin kwalekwale a kashe inji tun daga nesa, a bar ruwa ya tura jirgi. Wanda ba shi da babbar kyamara ya ɗora idon wayarsa a kan idon tabarau, ya jingina gwiwar hannu a kan wani abu, zai yi mamakin abin da zai samu. Kowane hoto a rubuta masa rana da wuri da adadin da aka gani, da sunan tsuntsun da Hausa, da kuma sunansa da harshen Gungawa ko Kambari ko Shangawa idan an samu mai faɗa. Hoton da ba shi da rana da wuri ado ne kawai, ba zai zama shaida ba.

Akwai kuma hani. Kada a kusanci sheƙa. Wasu tsuntsayen a kan yashi tsirara suke ƙwai idan ruwa ya ja, in aka tayar da uwa da tsakar rana, zafin yashi yana iya kashe ƙwan kafin ta dawo. Kada a sanya wurin da aka ga gauraka ko ayu a Facebook ko WhatsApp, domin mafarauta ma suna da waya. Kada a ɗauki hoton mutum sai da izininsa, balle mata a mashaya. Kada a taɓa mataccen tsuntsu da hannu. Tun da murar tsuntsaye ta ɓulla a ƙasar nan a 2006 an san haɗarin haka, sai dai a sanar da malaman dabbobi. Kada yara su shiga ruwan da ba ya gudu, saboda tsargiya. Idan dorina ta wage baki, gargaɗi take yi, a ja da baya, kuma kada a shiga tsakaninta da zurfin ruwa ko tsakaninta da ɗanta.

Abu biyu kuma ba mu yarda a yi sassauci a kansu ba. Na farko rigar kariya daga nutsewa. Hatsarin jirgin ruwan da ya auku kusa da Wara a watan Mayun 2021, wanda ya ci rayuka masu yawa, bai bar mana wani uzuri ba: wanda ba shi da riga ba zai hau jirgi ba, ko shi waye. Na biyu tsaro. Bayan abin da ya sami ɗaliban makarantar Birnin Yauri a watan Yunin 2021, ba mai hankalin da zai kwashi 'ya'yan mutane ya nufi inda bai tabbatar da lafiyarsa ba. Baƙon fuska riƙe da tabarau a bakin ruwa yana iya jawo zargi. Don haka kafin kowace fita a sanar da hakimi da dagaci da Sarkin Ruwa da jami'an tsaro, a tafi da ɗan gari, a tsaya a gaɓar da aka sani, a dawo kafin azahar.

Roƙonmu ga ƙungiya

Ba mu ne farau ba. Tun 1967 ake ƙidayar tsuntsayen ruwa a ƙasashen duniya a kowane watan Janairu, kuma yawancin masu yin ta 'yan sa-kai ne. A Jos akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis, wadda take jagorantar aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya, inda aka yanka ƙasar nan gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 a tsaye da kwance, matasa suna shiga suna rubuta abin da suka gani ta wayar salula. Nijeriya tana da tsuntsaye fiye da iri 900. A fadamun Haɗeja da Nguru an daɗe ana wannan ƙidaya. A Sabuwar Busa, maƙwabtanmu, akwai kwalejin tarayya ta kula da namun daji, ga kuma gandun dajin Tafkin Kainji, wanda shi ne gandun ƙasa na farko a Nijeriya. Masu koya mana suna kusa, sai dai mu ƙwanƙwasa ƙofa.

Saboda haka muna roƙon abubuwa biyar. Na ɗaya, ƙungiya ta tsayar da fita biyu a shekara, ɗaya a Janairu lokacin baƙi, ɗaya a farkon damina lokacin saukar shamuwa, a wurare uku tabbatattu, ɗaya a kowace ƙaramar hukuma, domin ƙidaya ba ta da amfani sai an maimaita ta a wuri guda shekara bayan shekara. Na biyu, kowane reshe na birni ya ɗauki nauyin tabarau biyu da rigunan kariya goma, a damƙa su ga makarantun bakin ruwa bisa sa hannun hedimasta. Na uku, a biya masuntan da za su yi mana jagora haƙƙinsu cikakke, domin su ne malaman, mu ɗalibai ne, kuma ranar da masunci ya ga tsuntsu mai rai yana kawo masa kuɗi, zai zama mai gadinsa. Na huɗu, a zauna da dattawan Sarkawa da Gungawa da Kambari da Shangawa a naɗi muryoyinsu, su faɗi sunaye da halaye da ƙa'idojin da suka gada. Na biyar, wannan mujalla ta ware shafi biyu kowace shekara domin rajistar: abin da aka gani, adadinsa, da hotuna mafi kyau, tare da 'yar kyauta ga ɗalibin da ya fi ƙwazo.

Kammalawa

Ya ku 'yan'uwa mazauna birane, Hausawa suna cewa kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Kuna kawo 'ya'yanku gida da salla ko lokacin Rigata, su yi kwana uku a ɗaki suna latsa waya, su koma ba su san bambancin dinya da kirinjijiya ba. Yaron da bai san sunan komai a garinsu ba, da wuya ya yi kishin garin idan ya girma, kuma da wuya ya zauna a kujerun da kuke zaune a kai yau. Ku ba mu aronsu safiya ɗaya tak, da wayar tasu a hannu. Mu mun yi alkawarin fitowa da littafi da fensir muddin ƙafa tana ɗaukarmu, kuma za mu miƙa wa sakataren ƙungiya kwafin abin da muka riga muka rubuta kafin a tashi daga wannan taro, domin ya zama shafin farko.

Allah ya ja zamanin Sarki, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci, ya mayar da kowa gidansa lafiya.